Ranar Buɗe Rumbu: Abin da Muka Gani a Ƙasar Roni

A cikin watan Agusta, sa'ad da damina ta yi tsaka, muka tashi daga Kano mu huɗu za mu gai da 'yan'uwa a ƙasar Roni. Wani mai bishara da ke aiki can ne ya aiko mana. Ya ce in dai muna so mu san zaman masu bi na ƙauye, kada mu jira sai kaka, lokacin da kowa yake dariya, mu zo yanzu. Muka kuwa ji maganarsa.

Muka bi hanyar Daura, muka wuce Dambatta, muka isa Kazaure, tafiyar kilomita wajen 80. Kazaure tsohuwar masarauta ce, Ɗan Tunku ne ya kafa ta a farkon ƙarni na 19. Dā tana cikin Jihar Kano, amma tun 1991 ta koma Jihar Jigawa. Gwiwa tana arewa maso yamma da ita, Babura kuma tana can gabas wajen iyakar Nijar. Mu dai yamma muka karya, gama Roni ba ta da nisa daga nan.

Ƙasar duwatsu ce. Ko'ina ka duba sai ka ga tudu da fā, gonaki kuma sun cusa kai a tsakaninsu. Gero ya fi mutum tsawo, ya fara fid da kai. Dawa tana biye, gyaɗa da wake sun rufe ƙasa. Ɗaya daga cikinmu, wanda a birni aka haife shi, ya ce, "Kai, mutanen nan suna cikin daɗi!" Mai bishara ya yi murmushi, ya ce, "Gona ce ta ƙoshi, ba mai gona ba. Wannan shi ne watan da ya fi kowane wata wuya. Na bara ya ƙare, na bana bai nuna ba."

Sunan Roni ba baƙo ba ne ga tsofaffin masu karatunmu. Mishan ta SIM ta kafa tasha da makarantar yara maza a nan tun kafin Nijeriya ta sami mulkin kai a 1960, waɗansu dattawan ikilisiya kuwa a nan suka fara koyon karatu. Masu bi ba su da yawa a wannan ƙasa. Suna zaune cikin ƙauyuka tare da maƙwabtansu Musulmi, rijiya ɗaya, kasuwa ɗaya, ruwan sama ɗaya suke jira.

RUMBUNA UKU

Aka sauke mu a gidan wani dattijon ikilisiya mai shekara kamar 70. Kowa Baba yake ce masa, mu ma haka. Bayan mun sha ruwa mun huta, ya zaga da mu bayan ɗakuna ya nuna mana rumbunansa guda uku.

Biyu na kara ne, an saƙa su an ɗora bisa itace. Ɗaya fanko ne, ɗaya kuma saura ɗan abin da ba zai kai mako biyu ba. Na uku kuwa rahoniya ce ta laka, babba, ƙirarta kamar ta tulu, tana zaune bisa duwatsu don kada ta taɓa ƙasa, da jinka a kanta kamar malafa. Ba ta da ƙofa. Bakinta a sama yake, an rufe an yaɓe da laka. Baba ya dafa ta kamar yadda mutum yake dafa dokinsa, ya ce, "Dami 60 na gero ke ciki, zangarniya ce ba tsaba ba. Kaka uku ke nan ban taɓa ta ba."

Ya bayyana mana al'adar da ya gāda. A gidan gandu, watau inda uba da 'ya'yansa suke noma gona ɗaya, in an gama girbi maigida yakan rufe babban rumbu. Da rani samari su tafi ci rani, mata su riƙa taimakon gida da abin da aka samu a gayauna da 'yar sana'arsu. Ba a buɗe hatsin gandu sai ruwa ya sauka an shiga noma, lokacin da kowa yake bukatar ƙarfi. In kuwa Allah ya ba da shekara mai albarka, mai hankali yakan ware wani abu ya ce wannan ba na bana ba ne, na baƙar rana ne.

Muka tambaye shi ko ya taɓa ganin baƙar ranar. Ya yi shiru kaɗan, sa'an nan ya ce, "Na gani. A 1973 ina saurayi. Muka yi shuka ta ƙone, muka sāke ta ƙone. Shanu suka mutu a hanya. Mutane suka riƙa gangarowa daga arewa da 'ya'yansu a baya. Abin da ya tsai da gidanmu shi ne rahoniyar mahaifina, wadda muke ta yi masa gunaguni a kanta. A 1984 ma aka sāke. Kakana kuma yakan ba mu labarin Kakalaba, yunwar 1914. To, ku gaya mini, wanda ya ga wannan zai yi wasa da ajiya?"

Ba wanda ya iya ba shi amsa.

GARDAMA A TSAKAR GIDA

Ba mu kwana biyu ba sai muka gane rahoniyar nan ita ce maganar gidan. Har sau biyu aka yi gardama a kanta.

Ta fari tun watan Disamba aka yi ta, labari muka ji. Babban ɗan gidan ya so a fasa a sayar, ya sayi babur ya riƙa ɗaukar fasinja zuwa Kazaure. Baba ya ƙi. A nan kam gaskiya tana wajen Baba, ɗan da kansa ya yarda yanzu. Gama da kaka hatsi ba shi da daraja, kowa yana kaiwa kasuwa, 'yan kasuwa suna saye da araha suna kaiwa manyan ɗakunan ajiya irin na Dawanau a Kano. In damina ta yi tsaka sai manomin nan ya koma yana sayen hatsinsa da tsada, tiya tiya, wani lokaci ma da bashi. Wanda ya buɗe rumbu tun rana ba ta yi ba, ya ci gobensa yau.

Ta biyu kuwa a gabanmu aka yi ta, ran Asabar da dare. Mama, uwar gidan, ta gama raba tuwo ta zauna gefe. Mun lura tuwon bai kai na jiya ba, kwaɗon tafasa ne ya fi yawa a akushi. Ta ce, "Maigida, ina da magana, ko da baƙi suna nan, gama ba baƙi ba ne, 'yan'uwa ne."

Ya ce, "Ina ji."

Ta ce, "Gwauruwar nan ta bayan majami'a, kwana uku ke nan ban ga hayaƙi a gidanta da rana ba. Maƙwabcinmu na gabas ya sayar da akuyarsa ta ƙarshe. Jikokinka ma ka ga yadda suke lasar kwano. Ban da haka, shekaranjiya da nake shara na ga hanyar gara a jikin dutse ɗaya na ƙarƙashin rahoniya."

Baba ya ce, "Wannan ba yunwa ba ce, ƙarancin damina ne, kowace shekara ana yi. Saura mako uku a fara cin tumu. In na fasa yau, ruwa kuma ya ɗauke kafin gero ya yi ido, me za mu ci baɗi? Ai da tsohuwar zuma ake magani."

Mama ta ce, "Gaskiya ne, Maigida. Amma gero ba zuma ba ne."

Daga nan ba wanda ya ƙara cewa kome. Muka yi addu'a, kowa ya tafi ya kwanta.

BA KOWACE AJIYA KE SON TSUFA BA

Maganar Mama ta hana mu barci. Cikinmu akwai malamin gona, muka sa shi gaba da tambaya.

Ya ce zuma tana daɗewa ne domin ruwan da ke cikinta kaɗan ne ƙwarai, abin da ke ruɓar da abinci ba ya iya rayuwa a ciki. Hatsi kuwa abu ne mai rai, yana numfashi a hankali, kowane iri kuma da iyakarsa. Gero a zangarniya, in ya bushe sarai, wuri kuma ba laima, yakan yi shekaru. In an sussuke shi ya zama tsaba, ƙwari sun fi samun hanya. In an niƙa shi gari, 'yan kwanaki kaɗan sai ya fara ɗaci. Wake ya fi kowa rauni, cikin 'yan watanni ƙwari sukan huda shi kamar rariya. Saboda haka ne tun 2007 aka fara yaɗa buhun nan mai ninki uku da ake kira PICS, wanda masanan Jami'ar Purdue ta Amurka suka fito da shi tare da masana na Afirka. Ana ɗaure bakinsa sosai, iska ba ta shiga, ƙwarin su mutu ba tare da an zuba magani ba. Gyaɗa kuma in ta sha laima takan yi fumfuna mai dafi wanda yake lalata hanta. Irin shuka ma, kowace shekara ƙarfin tsirowarsa raguwa yake yi.

Sa'an nan ya ba mu wani labari da ya ba mu mamaki. Ya ce wannan damuwa ba ta talakan ƙauye kaɗai ba ce. A ƙasar Faransa, a yankin Bargandi, akwai wani baƙin inabi da ake kira pinot noir. Sukan matse shi su zuba ruwan a kwalabe, su jera a ɗakin ƙarƙashin ƙasa mai sanyi da duhu, shekara biyar, goma, har fiye. In an buɗe da wuri, suka ce bai kai ba. In an bar shi ya wuce lokacinsa, ƙanshinsa ya tafi, ya zama lami. Ba kuwa mai iya sanin abin da ke cikin kwalba sai ya cire murfi. Saboda haka masu dabara a cikinsu sukan ajiye da yawa, su riƙa buɗe ɗaya lokaci lokaci suna dubawa. Akwai kuma waɗanda suke ta jiran babbar rana har su mutu, magāda su tarar da abin ya lalace.

Mu dai ba mashaya ba ne. Iyayenmu da yawa ma sun bar tukunyar burkutu ranar da suka karɓi Almasihu, hatsin da dā ake dafa giya da shi ya koma cikin 'ya'yansu. Amma mun ga tambayar ɗaya ce, ko a Bargandi ko a Roni: abin da ka ɓoye domin wata rana, ta yaya za ka gane ranar in ta zo?

DAREN LAHADI

Da safe muka yi sujada a 'yar majami'arsu mai rufin kwano. Ba wanda ya ta da zancen rumbu. Da dare ne, bayan cin abinci, Baba da kansa ya ce wa mai bishara, "Malam, karanta mana labarin Yusufu. Shi ne mutumina, shi ya san darajar ajiya."

Mai bishara ya buɗe Farawa sura 41 ya karanta da hasken tocila: yadda Fir'auna ya yi mafarki, yadda Yusufu ya ba da shawara a karɓi kashi ɗaya cikin biyar na amfanin ƙasar Masar a shekara bakwai na ƙoshi, yadda aka tara hatsi har aka daina aunawa. Baba yana ta gyaɗa kai. Malam bai tsaya nan ba, ya ci gaba har ƙarshen surar, inda mutane suka yi kuka saboda yunwa, Yusufu kuwa ya buɗe ɗakunan ajiyar. Ya rufe Littafin, ya ce, "Baba, da Yusufu ya tara bai buɗe ba, da ba mu san sunansa ba yau."

Wata jikanyar gidan, 'yar makarantar Lahadi, ta ce an koya musu labarin manna a Fitowa sura 16, yadda waɗansu suka ɓoye har gobe ta yi tsutsa ta yi wari, amma wadda aka ajiye domin Asabar bisa ga umarnin Ubangiji ba ta lalace ba. Uwarta ta harare ta don ta sa baki a maganar manya. Baba ya ce, "Ƙyale ta."

Ya daɗe yana kallon ƙasa. Can ya ce, "Ba rowa nake yi ba. Tsoro nake ji."

Ya ku masu karatu, ba mu taɓa jin dattijo ya faɗi gaskiya irin wannan a gaban 'ya'yansa ba. Tsoron nasa kuma ba na banza ba ne. A ƙasar nan ruwa yakan ɗauke ba sallama, ba kuwa wanda zai iya ɗaukar masa alkawarin watan Satumba. Mai bishara bai yi masa wa'azi ba. Ya ce kawai, "Mu duba gobe. Dubawa ba cinyewa ba ce."

AKA FASA MURFI

Ran Litinin da sassafe, da gari ya waye ba hadari, samari suka ɗaga jinka suka ajiye gefe. Babban ɗan ya hau tsani da 'yar fartanya ya ƙwanƙwashe lakar bakin. Aka bar iska ta shiga tukuna, gama ba a faɗawa rumbun da ya daɗe a rufe nan da nan. Sa'an nan wani yaro marar nauyi ya shiga, ya riƙa miƙo zangarniya, ana shimfiɗawa bisa tabarmi.

Na sama lafiya lau, sai ƙura. Baba ya murje kai ɗaya a tafin hannu, ya hure ƙaiƙayi, ya jefa ƙwaya a baki ya ciza. Ta yi ƙas. Fuskarsa ta saki. Na tsakiya ma haka. Amma da aka kusa gindi, sai yaron ya ce, "Baba, nan da sanyi." Abin da ya miƙo daga nan baƙi ne, da ƙasa a jiki, in ka taɓa sai ya marmashe. Dutse ɗaya ya nutse tun ruwan bara, gindin ya tsage, laima ta shiga, gara ta bi ta.

Aka ware mai kyau, aka kimanta. Cikin dami 60, abin da ya kai kamar 14 ya tafi, ko kaji ba za a ba su ba. Malamin gona ya duba tsagar, ya ce in da an bar ta har wata damina, da wuya a sami rabi.

Mama ba ta ce "ai na faɗa" ba. Ta ɗauko turmi kawai.

Baba ya tsaya kan ɓarnar nan ya daɗe. Sa'an nan ya fara rabo da bakinsa. Zakka ta Ubangiji aka fara cirewa, gama ya ce ya fitar a shekarar da aka girbe, amma zai sāke don godiya. Aka kai dami uku gidan gwauruwa. Aka kai biyu gidan maƙwabcin gabas, wanda ba Kirista ba ne, Baba ya ce a gaya masa ba bashi ba ne. Aka ware na cin gida har sabon gero ya shigo. Sauran kuwa ya ce a sussuke a shanya a zuba a buhu, kada a sayar da ko tiya ɗaya sai an ga yadda damina za ta ƙare. In ta ƙare lafiya, a ci tsohon, a gyara rahoniya, a cika ta da sabo.

Da azahar muka sha furar geron nan mai shekara uku. Ba ta da ƙanshin sabon gero, amma ba mu ga wanda ya rage a ƙwarya ba.

ABIN DA MUKA ƊAUKO

A kan hanyarmu ta komowa muka yi ta tattauna abin, muka ga ya kamata mu ba iyalanmu waɗannan shawarwari.

Na ɗaya, ranar da ka rufe ajiya, ka sa mata ranar dubawa. Ko rumbu ne ko buhu, a duba kafin ruwan fari, a kuma duba a tsakiyar damina. A lura da duwatsun gindi, da jinka, da hanyar gara da ta ɓera.

Na biyu, kada a rufe hatsin da bai bushe ba. A ciza a ji. Ko kuwa a zuba ɗan hatsi da busasshen gishiri a busasshiyar kwalba, a girgiza a bar shi. In gishirin ya manne a jikin kwalba, da sauran shanya. A yi hankali kuma da maganin ƙwari na kasuwa, kada a ajiye hatsin da aka sa wa magani a ɗakin da mutane suke kwana.

Na uku, tsoho ya fita, sabo ya shiga. Ajiyar baƙar rana ba sai ta zama hatsi ɗaya da ke zaune shekara da shekaru ba. Yawan ne ake kiyayewa, ba ƙwayar ba.

Na huɗu, miji da mata su yi shawara tun da kaka a kan abin da zai sa a buɗe. Wadda take auna tsaba kowace safiya takan riga kowa sanin halin da gida yake ciki, ita ce kuma take jin ko an yi daka a maƙwabta.

Na biyar, kada mu ce baƙar rana sai wadda ta faɗo wa ƙasa duka. Ranar da gidan gwauruwa ba hayaƙi, a wurinta 1973 ta komo.

Yawancinmu mazauna birni ba mu da rahoniya, amma ba wanda ba shi da abin da ya yaɓe wa baki: kuɗin da aka ɓoye ana ta jira har darajarsu ta zube, atamfar da ke ƙasan akwati tana jiran bikin da bai zo ba, ziyarar tsohon da muke cewa sai mun sami sarari, gafarar da muka ce sai wancan ya fara roƙo. Ubangijinmu ya ba da misalin mai arzikin da ya rushe rumbunansa don ya gina manya, a Luka sura 12. Kowa ya karanta tare da iyalinsa a wannan wata.

Da muka zo tafiya Baba ya raka mu har bakin hanya. Ya ɗaga kai ya dubi gabas, inda hadari yake haɗuwa bisa duwatsu, ya ce, "Har yanzu ina jin tsoron, amma jiya na yi barci." Ya roƙa mu gai da dukan 'yan'uwa, mu kuma sa su cikin addu'a domin ruwa ya kai ƙarshe lafiya. Mun isar da saƙonsa.